Robar da Na Yi Wa Gadi

Shekarun baya, ina 'yan mata a Samaru, haƙorana na sama sun turo gaba har leɓe ba ya rufe su. A ƙungiyar mawaƙan cocinmu kullum layin baya nake laɓewa. Mahaifiyata ta gaji da kukana, ta kai ni asibiti.

Likita ya ce sai an cire haƙora biyu, lafiyayyu, don na gaban su sami wurin komawa. Aka cire. Aka sa mini waya a haƙora, aka maƙala wata siririyar roba mai kama da sarƙa, wadda za ta riƙa jan haƙoran har giɓin ya rufe. Ya ce in riƙa zuwa duk wata.

Kwanakin farko na sha azaba, ko tuwo da ƙyar nake ci. Daga baya ciwon ya lafa, ni kuwa har da rawa.

Sai likitoci suka shiga yajin aiki, kafin a janye kuma likitan ya bar ƙasar. Maƙwabciyarmu ta ce mu gwada Kaduna. Mahaifina, wanda da robar tayar keke yake ɗaure buhun masara zuwa kasuwar Sabon Gari, ya ce, "Buɗe bakin in gani. To, ai ga ta nan daram. Roba in ba ta tsinke ba, aiki take yi."

Kai, na yi wa robar nan gadi! Na bar rake, na bar gasasshiyar masara, ko goge baki sama-sama nake yi don kada in taɓa ta. Damina ta wuce, wata ta zo.

Da aka sami sabuwar likita, ta zaro robar, ta fito laƙwas kamar dafaffiyar taliya. Ta ce, "'Yata, wannan ai ta daɗe da mutuwa. Tun kwanakin farko ƙarfinta ke raguwa, yawu da ɗumin baki suna sassauta ta. Shi ya sa ake canzawa." Dasashina ya kumbura, haƙoran sun fara ruɓa a gindin waya. Dole aka cire komai.

Mahaifina bai ƙara tayar da zancen ba har ya rasu. Ban riƙe shi ba, abin da ya sani ya faɗa. Amma abin yana cin raina har yau: lokacin da nake rawar ciwo ya tafi, ashe ƙarfin robar ne ke tafiya.

Haƙorana suna nan a gaba yadda suke, ga giɓi biyu. In aka ce a yi hoto, hannuna ke riga ni zuwa baki.