Filashar Hajiya Yalwa

Har gobe akwai ranar da ba ta fita daga raina a wannan sana'a ta ɗaukar hoto, kuma ita nake ba ku labari yau, ku da kuka taso kuka tarar da kyamarar zamani mai yi muku komai. Da damina ne, bara waccan. Ina zaune a shagona a Azare sai ga Alhaji Buba, wani mai shanu daga wajen Bulkachuwa, ya shigo da laimarsa tana ɗiga.

Bayan gaisuwa ya ce jikarsa ta haihu, suna ranar Asabar, kuma mahaifiyarsa Hajja Dudu tana son a ɗauke ta hoto da jaririyar. Na ce ai wannan mai sauƙi ne.

"Ba mai sauƙi ba ne, Malam Habu," in ji shi. "Ta ce ba ta son hoton wayar salula da ake sharewa da yatsa. Da akwatin Malam Isa take so, wanda ya ɗauki mahaifinmu."

Malam Isa shi ne maigidana, Allah ya jiƙansa, a hannunsa na koyi aiki. Akwatin kuwa tsohuwar kyamararsa ce mai fim, wadda ya bar mini. Ina goge ta, ina ajiye fim a firji, har yanzu ina wanke hoton baƙi da fari da hannuna. Na ji daɗi ƙwarai da aka tuna da ita. Amma Alhaji ya ƙara da cewa tsohuwar ba ta tashi daga gado, idanunta ma haske kawai suke bambancewa, kuma ɗakinta taga ɗaya gare shi. Nan matsalar take, domin filashar kyamarar ta mutu tun Malam yana da rai.

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. Filasha ita ce fitilar da ke walƙiya lokacin ɗauka. Ta zamani ana zura ta a saman kyamara, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, su yi magana da juna. Ita kyamarar Malam tana da mazaunin filasha a samanta, amma riƙo kawai yake yi. Umarnin walƙiya yana fitowa ne ta wani ɗan rami a gefenta, don haka sai an sami filasha mai 'yar waya da za ta shiga ramin nan. In babu, ko ka ɗora wadda ta fi kowace tsada, ba za ta motsa ba.

Na zagaya abokan sana'a kaf. Wani ya ce ya zubar da tasa, wani ya ce yaransa sun farfasa ta. Na je wajen masu gyaran rediyo a kasuwa, suka zazzage mini kwali, babu. Wani matashi mai shago ya dube ni da tausayi ya ce, "Baba, ka ɗauka da wayar salula mana ka ce da akwatin ne, ai ba gani take ba." Na ce masa in tsohuwar ba ta gani, ni ai ina gani.

Ranar Alhamis na koma gida ina ta mita har na kasa cin tuwo. Matata Asabe ta gaji da ni, ta nuna hoton aurenmu da ke bango, wanda take zaune a bakin gado.

"Wannan wa ya ɗauke shi?" ta tambaye ni.

Na ce ba ni ba ne dai, kuma ba Malam ba ne, tunda namiji ba ya shiga ɗakin amarya.

"To ku maza a rana kuke aikinku, a ƙofar gida. Mu da muke cikin ɗaki Hajiya Yalwa ce ke ɗaukar mu, kuma ban taɓa ganin ta ba fitila ba. Kana ta neman fitilar ɗaki a wajen mutanen waje."

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Shekara da shekaru na san sunan Hajiya Yalwa, mai hoton mata, amma ko a mafarki ban sa ta a lissafin abokan sana'a ba. Na sami labarin ta bar aiki ta koma garin Katagum wajen ɗanta. Washegari da sassafe na saka kyamarar a jaka na hau mota.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tsinke zogale. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta fito da wata kwalla, ta buɗe. Ga filasha a naɗe cikin ɗankwali, da 'yar wayarta a nannaɗe. Na zura bakin wayar a ramin, ta shige daram. Amma da muka sa batir, shiru. Hajiya ta karɓa, ta leƙa mazaunin batirin, ta ga ya yi tsanwa. Ta matsa lemon tsami a tsinken auduga ta goge, ta shanya a iska ya bushe. Muka sake sawa. Sai ga wani siririn kuka kamar na sauro yana tashi, can 'yar jar fitilar bayanta ta kama. Ni da furfurata na yi guɗa, matan gidan suka fashe da dariya.

"Kada ka yi murna tukuna," in ji Hajiya. "Ka gwada saurinta."

Ga yadda ake yi. Ka buɗe bayan kyamarar ba fim a ciki, ka saita ta a lamba sittin, wadda aka rubuta da ja, ka fuskanci farin bango, ka leƙa ka danna. In ka ga haske ya cika tagar da fim ke zama duka, sun dace. In rabi ya yi duhu, haka rabin hotonka zai fito baƙi. Na danna, haske ya cika fal.

Sharaɗinta ɗaya ne: ba ta ba da aron fitilarta, sai dai ta bi ta. Haka muka tafi tare ranar Asabar.

Ɗakin Hajja Dudu cike yake da mata, ni da Alhaji Buba muka tsaya a bakin ƙofa. Hajiya Yalwa ce ta shiga ta jera su, ta jingina tsohuwar da matasai, ta ɗora mata jaririyar a cinya. Hajja ta ce a miƙo mata akwatin, ta shafa shi da yatsu ta ce shi ne. Sannan na tsaya na saita, Hajiya ta ɗaga filashar sama a gefena iya tsawon wayar. Na danna.

Ɗakin ya yi fari fat, ya koma duhu. Can tsohuwar, kanta na sunkuye ga jaririyar, ta ce a hankali, "Na gan ta. Goshin mahaifinka ne, Buba."

Alhaji ya juya fuskarsa waje yana share ido da hannun riga. Ko ta gani da ido ne ko da zuciya, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne da na wanke hoton, goshin na nan, irin na hoton da Malam Isa ya ɗauka sak. Hajja ta riƙe shi a hannunta kafin ta rasu da kaka, yanzu yana rataye kusa da na mijinta.

Abin da na koya shi ne rabin tarihin hoton garin nan a cikin ɗakuna aka ɗauke shi, kuma ba mu muka ɗauka ba. Shi ya sa duk taronmu na masu hoto kuke ganin ana aika mota Katagum, kuma kujerar gaba ta Hajiya Yalwa ce.