Tabita da Injin da Ya Mai da Yara Shanu

Tabita 'yar Dukku ce. Ta gama sakandare, ta koyi buga tafireta, ta yi shekara goma sha biyu a ofisoshin Kontagora ba wanda ya taɓa mayar mata da takarda a kan kuskure. Ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba.

A 1997 wasu masu bincike suka ɗauke ta aiki. Suna ɗibar jinin yara masu zazzaɓin cizon sauro, a kai birni, takarda ta dawo da sunayen ƙwayoyin gado masu tsare jiki daga cuta. Ita ke shigar da sunayen a kwamfuta. Kwamfutar ɗaya ce tal: da safe Malam Maigandi, likitan dabbobi, ya shigar da na shanu, bayan azahar ita ta hau. Injin ne ke rubuta wa kowane suna ko na mutum ne ko na saniya. Wasu ƙwayoyin kuwa, na mutum da na saniya, sunansu ɗaya.

Ran nan Dakta Shadrach, shugaban aikin, ya jefa mata takardu a tebur.

"Yara arba'in kin rubuta su a shanu! Ranar Juma'a ki karɓi takardar sallama."

"Ranka ya daɗe, ban rubuta ba."

"To injin ne ya yi ƙarya?"

"Shi ne."

Maigandi ya yi dariya, ya kira ta da sunan ɗanta. "Maman Luka, in shanu ne ki turo min su in yi musu allura."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Kwana biyu tana bin takardun rana-rana, sai ta ga abin: duk ranar da aka ɗauke wuta tsakanin aikinsa da nata, ba kuskure ko ɗaya.

Ranar Juma'a ta ƙi karɓar takardar. Ta sa Maigandi ya shigar da na saniyarsa, ta shigar da na wani yaro mai ƙwaya iri ɗaya. Injin ya ce saniya. Ta sunkuya ta fizge wayar daga bango.

"Ke! Kin san kuɗin abin nan?" in ji Dakta.

Ta mayar da wayar, ta jira injin ya tashi, ta sake buga na yaron. Injin ya ce mutum.

"In ya ga suna sau ɗaya, sai ya riƙe amsar, ba ya ƙara tambaya. Sai an kashe shi yake mantawa. Ni za a kora, ko shi?"

Dakta ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta jira ba. Ta gyara bayanan yaran arba'in a yinin. Wata bakwai kafin gyaran injin ya iso daga birni, kuma kullum da azahar sai ta kashe injin da hannunta kafin ta zauna.