Konseye Ango da Zangarniyar Hatsi

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, ya san kawuna Ango ba ya shiga zaure sai da zangarniyar hatsi a aljihu. Yakan ɗora ta bisa tebur, ya bari a gama dogon Faransanci, sannan ya nuna ta ya tambaya ko abin da aka faɗa zai ƙara mata tsawo. In aka yi shiru, ya ɗaga hannu ya ƙi.

Halin nan ba da zaɓe ya zo ba. Tun zamanin soja, wani kaftin ya zo buɗe famfo a ƙauyenmu, aka yi kiɗa, aka yi tafi, famfo bai ɗiga ba. Kowa ya watse, Kawu na tsaye da bokiti. Kaftin ya tambaye shi me yake jira.

"Ranka shi daɗe, ruwan da munka yi ma tafi."

Mun ɗauka kurkuku zai kwana. Kaftin ya ƙyalƙyale da dariya, ya aiko masu gyara.

Da ya zama konseye, wato ɗan majalisar komin, kowace takarda sai an fassara masa da Hausa, alhali ya iya Faransanci sarai. Na taɓa yi masa tsiya a kan haka, ya ce shi ai ya ji, wanda ya rubuta ne yake so ya gani ko ya ji.

Babbar rigimarsa ita ce ta gidan baƙi. Magajin gari yana son a gina shi bisa dutse don masu yawon buɗe ido, Kawu ya ce gadar ƙorama tukuna. Aka yi wata biyu ana ja. Sai ya gayyaci majalisa duka cin rago a ƙauyenmu, tsakar damina. Motarsu ta kafe a laka, ya kwaso su a amalanken jaki, manyan riguna sharkaf.

"To, ga yawon. Idanu sun buɗe?"

Ragon dai sun ci, gada kuma ta samu ƙuri'a.

Bara ɗiyata ta fara naƙuda ana tsuga ruwa. Ta kan gadar nan muka kai ta asibitin Filinge, ta haihu lafiya, wata uku bayan mun binne Kawu.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Yadda ka sauƙaƙa mana hanya, Allah ya sauƙaƙa maka taka.