Kifin da Gameli Bai Sani Ba

A Seglakofe, wani ƙauyen masunta a bakin teku, in aka ja taru aka ga kifin da mata suka rasa sunansa, ba a dogon musu. Sai wata ta ce a kira Efo Gameli, wato Yaya Gameli a yarensu. Shi kuwa sai ya zo ya tsuguna, ya buɗe bakin kifin da babban yatsa, ya leƙa ƙarƙashin kunnensa, ya shinshina, sannan ya faɗi sunansa da watan da yake matsowa gaɓa da irin miyar da ta fi karɓarsa. An fi shekara talatin ana haka, ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Tun yana saurayi shi ne mai duban ruwa na masu taru. Yakan tsaya a goshin kwale-kwale, in ya ga launin teku ya sauya ya ɗaga hannu, a zuba taru. Yana da shekara arba'in da 'yan kai igiya ta naɗe masa hannun hagu ta tafi da yatsu biyu. Bai daina fita ba. Abin da ya sauke shi daga kwale-kwale manyan jiragen baƙi ne, waɗanda suka zo suka tsaya can nesa suna sharar ƙasan teku dare da rana. Aka kai lokacin da mutum hamsin za su wuni suna jan taru da waƙa, in ya fito sai leda da tsofaffin silifa da ɗan abin da bai cika kwano biyu ba. Taron ya watse, samari suka nufi Lome da Abijan, Gameli ya koma fatsa.

Kayan aikinsa ba yawa: zaren roba mai kauri da ya naɗe a guntun ice, ƙugiya uku, da dalmar da yake narkarwa da kansa daga tsohon batirin mota. Da hantsi zai tono ƙaguwar rairayi ya soke a ƙugiya, ya shiga ruwa zuwa cinya, ya jira babbar igiyar ruwa ta fashe ta koma, sai ya wulwula dalmar a kansa ya cilla ta bayan kumfa. Daga nan ya tsaya, zare a kan yatsa, yana saurare. Wata rana ya samu uku, wata rana ya koma da kwando wayam. Matarsa Afiyo mai banda ce. A da murhu uku take hurawa, amma a shekarun nan biyu sun zama wurin kwanan kaji.

Ranar wata Alhamis, bayan teku ta kwana biyu tana hauka, ya ji nauyi a zare. Ba fizga ba ce irin ta kifi mai ƙarfi, nauyi ne kawai kamar ya maƙalo kututture. Ya yi ta ja yana saki har zaren ya yanka masa tafin hannu, sannan wata igiyar ruwa ta taimaka ta watso abin kan rairayi.

Tsawonsa ya kai ƙirjin mutum. Baƙi ne kamar gindin tukunya, fatarsa kaushi da ƙananan ƙayoyi, idanunsa manya-manya masu kore irin na kyanwa. Inda ƙugiya ta yaga shi kuwa wani mai ne rawaya yake tsiyaya, ba jini ba. Gameli ya yi duk abin da ya saba. Ya buɗe baki, ya duba haƙora, ya murza man a yatsa, ya ɗan taɓa a harshe ya tofar. Ya bi sunayen da ubansa ya koya masa ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda ya tsinta a bakin masuntan Fanti, babu wanda ya zauna.

Kafin ya ɗago mutane sun kewaye shi. Cikinsu har da Agbeko, sa'ansa, wanda a da yake jan igiya a ƙarƙashinsa, yanzu kuwa yana da kwale-kwale mai inji, kuma shi ke zama a hannun daman Togbi, sarkin masunta. Mata suka yi ta tambaya, wane kifi ne, ana dafawa ko ana bandarwa.

Gameli ya ce, "Ban san shi ba. Kuma abin da ban sani ba, ba zan ce a ci ba."

Agbeko ya yi dariya har da dafa kafaɗar na kusa da shi. "To, yau boka ya gamu da cutar da ta fi jakarsa. Efo, tsufa ne, ba laifi ba ne. Wannan ai mun sha cin irinsa a ruwan Abijan. Ka ci sau ɗaya ka manta da naman akuya."

"Ya sunansa?"

"Suna za ka ci ko kifi?"

Aka kwashe da dariya. Gameli ya zura igiya a bakin kifin ya ja shi har gida. Can ya sare kan, ya sa a buhu, ya ce wa Afiyo ta haƙa rami a bayan murhu ta binne gangar jikin, kada ko kare ya taɓa. Ita ta tsaya tana kallon tsokar, fara sol, mai kauri kamar ta rago. Ta ce ko ɗan yanki a gwada wa kaji. Ya ce a'a.

Ya hau mota zuwa birni, ofishin masu kula da kamun kifi, don ya ji ko suna da sunansa a littafi. Ya tarar wai duk sun tafi taro, mai gadi kuma ya ce ya fitar masa da wannan abin ƙarni daga baranda. Ya dawo da la'asar, ya ga sabon rairayi a bayan murhu, ya tambaya, Afiyo ta ce ta binne. Sai ya rataye kan a saman rumfa ya bushe.

Ranar Asabar aka yi jana'izar wani tsohon malamin makaranta, gari ya cika da baƙi. Davi Esinam mai abinci ce ta yi girki, tuwon akple da miyar kuɓewa, kifi manya-manyan yanka, kowa yana yabon maiƙonsa. Gameli bai je ba, hannunsa da zare ya yanka ya kumbura.

Lahadi da safe abin ya fara, ana tsakiyar coci. Mutum ya miƙe kamar an tsikare shi, ya nufi ƙofa yana dafe da bayansa, wani ya bi shi. Mai ne yake zubo wa mutane ba shiri, ya ɓata fararen kaya, ya ɓata benci. Dattawa masu zanen alfarma suka yi ta gudu cikin itatuwan kwakwa. Da abin ya tsaya nan, da yanzu labarin dariya ne. Amma mutum wajen arba'in suka kwanta, kuma Mama Dasi, tsohuwa mai shekara tamanin wadda ta karɓi haihuwar rabin garin, cikinta ya ƙi tsayawa. Kwana uku ta yi, ta cika.

Da Gameli ya ji, ya ɗauki fartanya ya nufi bayan murhu. Ya tona, ya tona, bai sami komai ba sai ɓawon kwakwa. Ya juyo ya ga Afiyo tsaye, hannunta naɗe a zane.

Ta ce, "Efo, wata biyu ban hura wuta ba. Esinam ta zo ta ce Agbeko ya rantse mata ana ci, sai na sayar mata. Na ɗauka girman kai ne ya hana ka yarda."

Gameli ya dube ta. Sannan ya mayar da rairayin ramin, ya daddanna da ƙafa, ya jingine fartanya.

Bayan an binne Mama Dasi, Togbi ya tara gari a ƙofar gidansa. Esinam ta yi kuka, ta ce ita a gidan Gameli ta saya, kuma wa zai yi shakkar kifin da ya fito daga gidan Gameli? Aka tambayi Agbeko. Ya buɗe hannuwa ya ce kowa ya san shi da barkwanci, tsokanar aboki ya yi a bakin ruwa, shi bai kama ba, bai sayar ba, bai dafa ba. Mutanen da suka ji Gameli da kunnensu yana cewa kada a ci suna zaune a wurin. Akwai wanda ya soma magana, ya ga idon Agbeko, ya tuna ɗansa a kwale-kwalen Agbeko yake aiki, sai ya mayar da ita tari.

Togbi ya ce, "Gameli, wa ya sayar? Kai ko matarka?"

Gameli ya san garinsu. In aka ce mace ce ta sayar da abin da ya kashe tsohuwa, ba banda kaɗai za ta rasa ba. Kafin wata ya ƙare an fara raɗa cewa mayya ce, an janye yara daga ƙofarta. Ya hango Afiyo can cikin mata, kanta a ƙasa.

Ya ce, "Daga gidana ya fita, Togbi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi ne abin da nake da shi."

Aka yanke masa tarar rago da kwalaben giya don wanke ƙasa, aka kuma ce daga ranar kada ƙugiyarsa ta sake taɓa ruwan Seglakofe. Jikan Mama Dasi ya tofa yawu a gabansa, ba wanda ya tsawata.

Mako uku bayan haka wata ma'aikaciya ta zo daga birni da littafi mai hotuna, domin labari ya kai asibiti. Aka nuna mata gidan. Ta sauke busasshen kan daga rumfa, ta jujjuya shi, ta buɗe shafi, ga shi nan sak. Ta ce kifin can ƙasa ne, inda hasken rana ba ya kaiwa, man jikinsa kuma cikin ɗan Adam ba ya iya narkar da shi. Manyan jirage kan kamo shi su watsar, wataƙila wannan ya ji rauni ne ruwa ya koro shi gaɓa. Ta faɗi sunan, wani dogon abu na Turawa. Gameli ya sa ta maimaita sau uku, yana motsa leɓe, harshensa ya ƙi ɗauka. Da ta ji cewa shi ne ya hana a ci, ta miƙa masa hannu ta ce ya yi daidai. Ba kowa a tsakar gidan sai shi da kaji.

Kafin ta tafi ta ce a kafa kwamitin faɗakar da masunta kan kifi mai cutarwa. A bakin ruwa aka yi taron, inda aka hana Gameli aiki, shi kuma bai ga abin da zai kai shi ba. Aka naɗa Agbeko shugaba. Aka ba shi hula da riga mai rubutu da babban hoton kifin, ya riƙa zagaya ƙauyuka yana bayani, har yana cewa shi tun ganin farko jikinsa ya ba shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gameli ya koma bakin kogi, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, tafiyar sa'a biyu a cikin rairayi. Kullum ya je, kullum ya dawo. Abin da ya kamo sai ya sayar a can, domin a Seglakofe an riga an sa wa kowane kifi mai shakku suna kifin Gameli, uwa ma kan ce wa ɗanta ya ajiye wannan, kada ya zama na Gameli. Bai taɓa ɗaga wa Afiyo maganar ba, ko sau ɗaya. Ta kawo abinci ya ci, ya ce an gode. Ta taɓa gaya wa ƙanwarta cewa da ya zage ta, ko ya mare ta, da ta sami inda za ta ajiye abin. A shekara ta biyu ta tafi Lome wankan jegon 'yarsu, jego ya ƙare, ba ta dawo ba.

Sai a shekara ta biyar ta dawo, ta rame, ƙafafu a kumbure. Ba ta sauka a gida ba, kai tsaye ta wuce wurin Togbi, ta durƙusa ta faɗi komai, har da abin da Esinam ta ce Agbeko ya rantse. Togbi ya saurara. Ya ce maganar ta tsufa, tone-tone ba zai tayar da Mama Dasi ba, kuma hukuncin da aka zuba wa giya a ƙasa ba a lashe shi haka kawai. Amma an ji. Abin da ake so shi ne Gameli ya zo da kwalbar giya ɗaya, ya durƙusa gaban dattawa ya nemi afuwa, a buɗe masa ruwa.

Agbeko aka aika da saƙon. Ya same shi a ƙofar gida yana ɗaura ƙugiya da yatsunsa takwas. Ya faɗi abin da aka ce, ya ƙara da cewa shi ma ya sa baki sosai, don zumunci.

Gameli ya ce, "Afuwar me zan nema?"

"Haba Efo, al'ada ce kawai. Ka durƙusa, ka tashi, shi ke nan. Gwiwa ba ta ƙarewa."

"Tawa ta ƙare a hanyar bakin kogi. Ka gai da Togbi."

Afiyo ta koma ɗakinta na da, ya yi jinyarta wata bakwai, shi ke dafa mata koko, har ta rasu. Shekara biyu bayan nan ƙafafunsa suka kasa tafiyar. 'Yarsa ta zo da mota ta kwashe shi zuwa Lome, wani ɗaki a bayan garejin kanikawa, nesa da ruwa. Waɗanda suka je gaishe shi sun ce yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, amma in aka kawo hirar Seglakofe sai ya ce a buɗe masa rediyo.