Takarda Biyu da Alƙalami Ɗaya

Akwai abin da ya faru da ni a unguwar Ƙuba, can ƙasa mai tsarki, farkon shekarun 1980, wanda har in koma ga Allah ba zai fita raina ba. A lokacin sana'ata rubuta wa mutane ma'arud, wato takardar koke zuwa ga hukuma. Ɗan teburi gare ni a bakin titi, da rediyo da ba na kashewa.

Wata safiya masu gidan burodi uku na unguwarmu suka zo wurina tare. Abin ya ba ni mamaki, don na san ko gaisawa ba sa yi. Ashe kishin wani bawan Allah mai gasa burodi daga Nijar ne ya haɗa kansu. Kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya saya masa murhun gas, burodinsa ya yi suna, layi har kan titi.

Na ɗauki alƙalami na ce, "To Baba, in rubuta ya kwashe muku masu saye?"

Babbansu ya harare ni. "La, ya waladi! A'a, ɗana, wa zai saurari wannan?" Ya nuna rediyona, ana cikin labarin wani ƙawancen soja da ke gargaɗi kan wata ƙasa mai tasowa. "Ka ji waɗannan? Ka taɓa jin sun ce ta fara fin mu? Barazana ga tsaro suke cewa. Rubuta gas ɗinsa zai tashi da unguwa, khalas, shi ke nan."

Na rubuta, kuma gaskiya na ƙawata shi. Na sa yara masu wucewa, na sa masallacin da ke kusa. Murhun kuwa ban taɓa ganinsa da idona ba.

Ba a jima ba hukuma ta rufe shagon. Kafilin ya ce ba ya son rigima, zai sa a mayar da mutumin gida.

Sai ga mutumin Nijar ɗin a gaban teburina, hannunsa duk tabon ƙuna. Bai san ni na rubuta takardar da ta sa aka rufe shagon ba. Ya ce, "Malam, an karanta mini takardarsu. Wallahi wanda ya rubuta ta gwani ne, ni kaina sai da na ji tsoron murhuna. Don Allah ka yi mini mai ƙarfi kamarta, 'ya'yana biyar a Tawa."

Kunya ta rufe ni, amma ban faɗa masa ba. Na zuba duk iyawata a takardarsa, sai dai ba ta yi komai ba. Wanda aka riga aka kira haɗari, ba a karanta bayaninsa. Bayan sati biyu ya tafi.

Tun daga nan, in na ji manya sun haɗa kai suna kiran wani barazana, nakan fara tambayar me ya soma fin su da shi. Na san yadda ake rubuta irin wannan takarda, don na taɓa rubuta ta.