Ranar da Na Sa Aka Kashe Mata Kiɗa a Tsafe

Ku matso kusa, wannan magana ba ta ɗaga murya ba ce.

Akwai ɗiyar ƙanwata, 'yar Bungudu, wadda ta tafi Kano ta shiga fim. Ba zan kama sunanta ba, wataƙila kun san fuskar. A hannuna ta yi shekara huɗu nan Damba, cikin Gusau, lokacin tana makaranta. Ni ban yi nisa a boko ba, fita ma ba ta dame ni ba, amma Allah ya ba ni kunne. In mata na daka a bayan katanga, sai in gaya muku turmin wa ya tsage. Yarinyar nan kuwa ko wanke-wanke take sai ta yi waƙa. Muryarta siririya ce, da wata 'yar rawa a ƙarshen baiti, ko cikin kasuwa na ji ta zan gane.

Da ta yi suna, tana fitowa a fim tana kuma waƙa, sai matan unguwa suka sa ni gaba. Wai 'yan fim baki kawai suke motsawa, wata ce can a ɗaki take rerawa. Na san haka ne ga da yawansu, amma tawa ita ke waƙarta. Na yi rantsuwa har na gaji. Wadda ta fi ci mini rai maƙwabciyata ce, wata Hajiya mai sayar da atamfa. Kullum ta shigo sai ta ce, "Ina labarin mai aron murya?"

To sai aka yi bikin ɗiyar ƙanin Hajiyar a Tsafe, aka gayyato yarinyar ta yi wasa ranar wuni. Ni da ba na son mota, ranar ni ce farkon shiga.

Ta iso bayan la'asar, ta naɗe wuya da gyale duk da zafin da ake yi. Ta durƙusa ta gaishe ni da murmushi, ba ta ce uffan ba. Na ce a raina, yangar Kano ce. Mai na'ura ya saki kiɗa, ta ɗauki abin magana, mata suka hau guɗa. Baiti biyu kawai na ji na gane waƙarta da ke cikin wayata ce aka sa, har inda take jan numfashi bai sauya ba. Hajiya ma ta lura. Ta zungure ni.

"Kin gani ko? Baki dai, baki dai."

Na miƙe. Na ratsa mata na je wurin mai na'ura na ce, "Ɗana, kashe abin ga." Yarinyar ta riƙe mini hannu tana girgiza kai. Na fizge. Na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ke, rera musu da bakinki, su san ɗiyar wa ce ke!"

Mai na'ura ya kashe kiɗan. Ta dube ni, ta dubi jama'a, ta buɗe baki.

Abin da ya fito kamar ana jan buhu a kan siminti. Ta sake gwadawa, ya fi na farko muni. Tana cikin gwaji na uku gyalen ya zame, sai ga tabon ɗinki ya ratsa wuyanta. Ashe wata uku ke nan da aka yi mata aikin maƙoƙo, muryar ta tafi. Ta ɓoye wa kowa sai uwarta, don kada a daina kiranta aiki.

Wata ta ce, "Wanga kwaɗo daga wane tafki?" Aka fashe da dariya. Wata ta ce a kawo mata man shanu. Wayoyi duk sun tashi sama, ba wadda ta sauke tata. Hajiya ta juyo gare ni a gaban mutane.

"Wagga ce muryar da kike muna rantsuwa a kai?"

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Ni ma yaudarata ta yi."

Taku biyu ne tsakanina da ita. Ta ji.

Kafin mu iso Gusau bidiyon ya riga mu. Dariyar matan ba ta yi mata ɓarnar da maganata ta yi ba, don ita aka yanko ana ta turawa: har innar da ta riƙe ta ta ce ba muryarta ba ce. Masu biki suka daina kira. Masu fim ma haka, sai wani guda da ya ce ta zo ta fito a mayya tunda yanzu tana da muryar. Ta tattara kayanta ta koma Bungudu.

Sai bayan an yanke gero na iya zuwa. Ƙanwata ta shimfiɗa mini tabarma, ko ruwa ba ta kawo ba. Yarinyar ta fito ta zauna nesa. Sai da na karkata kai sannan na ji abin da take cewa.

"Inna, kunnenki bai taɓa kuskure ba. Muryar wa ce a waƙoƙin nan?"

Na ce, "Taki ce."

"To wa kika gaya wa?"

Ta tashi ta shige ɗaki.

Tun ranar duk wadda ta shigo gidana sai na gaya mata muryar yarinyar ce a waƙoƙin nan, ko mai tallan nono ce. Suna cewa Allah sarki, su ɗauki kayansu su tafi, ba wadda ta taɓa ɗaga waya ta ɗauka. Ku da kuka ji yanzu, in an sake turo muku bidiyon nan, wa za ku gaya wa?