Yaya Tokiko da Ruwan Rijiyar Baba

Yayata Tokiko ta yi shekara arba'in da uku tana yin awara a shagon da babanmu ya bari a garin Ono, kuma a duk layinmu ba wanda ya taɓa kayar da ita a gardama. Mai kawo mata waken suya sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ja numfashi kafin ya shiga. Ni ce ƙanwarta Sumie, ni aka tura makaranta. Baba ne ya yi rabon tun muna 'yan mata, ya ce kaina na littafi ne, na Tokiko na wake. Na yi koyarwa har na yi ritaya. Ita kuwa ta gaji tukunya da allon da ke rataye a ƙofa, inda Baba ya rubuta da hannunsa cewa daɗin awararmu daga ruwan rijiyar gidanmu yake.

Bara, tana da shekara sittin da ɗaya, ta tare ni tana tsame awara a ruwa.

Ta ce, "Jami'ar jiha na ɗaukar manya biyar a sashen kimiyyar abinci. Zan nema."

Na ce, "Ke, Yaya?"

"A'a, kyanwar gidan. Sau ɗaya zan gwada. In na faɗi, ba za ki ƙara jin zancen a bakina ba."

Na san halinta, in ta faɗa ta faɗa. Jarrabawar muƙala ce, awa ɗaya, a kan wata takarda mai ƙananan gidaje a jere, harafi ɗaya a gida ɗaya, gida ɗari takwas. Don gwaji na ba ta tambaya: shin ya kamata a riƙe tsoffin sana'o'i yadda aka gaje su?

Washegari ta miƙo mini takarda da hannu biyu. Rubutun kam don kyau kamar a rataye shi a bango. Sai dai ta buɗe yadda muke buɗe kowace wasiƙa ta mutunci: ganyen itatuwa ya fara ja, sanyi ya sauko daga duwatsu, da fatan malamai suna cikin ƙoshin lafiya. Gida ɗari uku sun tafi. Ɗari biyu ta ba su haƙuri da tsohuwa irinta za ta ɓata musu lokaci. Sauran ta ce wasu na ganin kaza, wasu na ganin kaza, kowa da gaskiyarsa. Ta rufe da roƙon su kiyayi mura.

Na ce, "Yaya, ina ra'ayinki?"

"A gaban farfesoshi? Tarbiyyar da aka yi mana ke nan?"

"Jiya kin ce wa mai wake ɓarawo ne a gaban matarsa."

"Wannan ai baki ne. Takarda ba a yi mata rashin kunya."

Sati uku muna wannan fama. In na soke ganyen itatuwa da jan biro, sai ta maye gurbinsa da zancen ƙanƙarar safiya. Ni ba mai haƙuri ba ce, ɗalibaina sun shaida, kuma gyara wa yayarka rubutu ya fi gyara wa aji guda wuya. Ran nan na ture takardar na ce ta gaya mini da baki, me ya sa za a riƙe tsohuwar hanya?

Nan take ta miƙe zaune. "Saboda ta fi. Ki dubi awararmu. Ruwan rijiya ne, na famfo ba zai taɓa ba ki wannan ba."

"Ta yaya kika sani?"

"Baba ya faɗa. Ga shi nan a allo."

"Kin taɓa gwada na famfon?"

Ta dube ni kamar na zagi kabarinsa. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta aiko a kira ni, na tarar da awara tukunya biyu, ɗaya da ruwan rijiya, ɗaya da na famfo, ga maƙwabta goma sha biyu sun cika shago. Ta ce in yi wa farantan alama a ƙasa inda ba mai gani, don ta kunyata ni a bainar jama'a.

Bakwai suka zaɓi ta famfo. Kuwabara mai aski, wanda ya shekara talatin yana cewa ko ido rufe zai gane ruwan rijiyar nan, yana cikinsu. Yaya ta ce duk harshensu ya mutu da taba. Ta ɗanɗana da kanta, ta lumshe ido, ta nuna faranti ɗaya. "Wannan ce ta Baba."

Na kife farantin. Famfo.

Kuwabara ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa tausayinta ya kama ni, don na ga fuskarta ta sauya. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "To in ba ruwan ba ne, mene ne?"

Daga ranar shagon ya koma ɗakin gwaji. Ta canza wake, ta canza wuta, tana rubuta komai a littafi, har ta gano cewa tsawon jiƙon wake ne, wanda hannunta ke ƙarawa ko ragewa bisa sanyin rana ba tare da ta taɓa lura ba. Rubutunta ma ya sauya. Ta koyi faɗin matsayinta a layin farko, ta kawo hujja, ta kawo abin da mai ja da ita zai ce, ta amsa masa. Wannan na ƙarshen ya fi yi mata daɗi, ta ce ashe gardama ce da mai wake, sai dai ita ke faɗin nasa ɓangaren.

Ranar jarrabawa aka tambaye su game da al'ada da sauyi a abinci. Da ta fito na ce, "Ganye nawa kika zuba?"

"Ko ɗaya. Amma sai da na riƙe hannuna."

Sakamakon ya zo a ambulan da hantsi, tana tsakar yanka awara. Ta goge hannu a jikin rigar aikinta, ta karanta, ta miƙo mini. Tana cikin biyar ɗin. Na fara murna ina cewa ai dama na sani, ta katse ni.

"Ta yaya kika sani? Baba ya ce ruwan rijiya ne, ba mu gwada ba. Ya ce kaina na wake ne, shi ma ba mu gwada ba."

Kunya ta rufe ni, don shekara arba'in ina koyar da 'ya'yan mutane su yi tambaya, wannan ɗaya ban taɓa yinta ba. Ta lura, ta tura mini faranti.

"Ci, malama. Ta famfo ce."